Kare Mai Cizo: A Fara Tuhumar Mai Sarƙa

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, gidaje masu katanga suke ƙaruwa a unguwanni irin su Takur da Fatara da Danmasara, tare da su kuma aka fara ajiye manyan karnukan gadi. A da, karen da muka sani shi ne na mafarauci ko na makiyayi, wanda ke bin ubangidansa daji ya dawo a gajiye. Na yanzu kuwa wuni yake ɗaure a bayan ƙofa cikin zafin bazara, kwanon ruwansa a bushe, yara na leƙowa suna jifansa. Ranar da sarƙar ta tsinke, sai a ce kare ya haukace.

Muna ganin yawancin karnukan da ke cizo, riƙon da aka yi musu ne ya mai da su haka. Wani bincike da Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland ta fitar a 2021, kan karnuka fiye da 9,000, ya nuna cewa kare matsoraci ya fi kowane saurin kai wa mutum hari. Tsoron kuwa sau da yawa mu muke dasa shi. Kwikwiyon da bai saba da mutane ba a watanni ukun farko na rayuwarsa, duk baƙo abokin gaba ne a wurinsa. Wanda ake duka da sanda wai don ya yi zafi, zafin ba ya bambanta ɓarawo da almajirin da ya zo bara. Tsohon kare mai ciwo, da karya mai shayarwa, da karen da ke kan abincinsa, duk ba a matsa musu. Kuma kafin cizo akwai gargaɗi: gurnani, yage baki, sandarewar jiki. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Abin bai tsaya a rauni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira. Don haka wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar don allura. Ƙona gashin karen a shafa ba magani ba ne. In karen na gida ne, a killace shi kwana 10 likitan dabbobi ya lura da shi.

Addini ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, ya kuma hana azabtar da dabba. Wanda ya ajiye kare ya ɗauki amana: ci da sha, inuwa, motsa jiki, da rigakafi duk shekara.

Gwamnatin jiha ma da nata. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, yaɗuwar ciwon na yankewa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar. Muna kira a haɗa kai da hakimai da masu unguwa da sarakunan farauta daga Dutse zuwa Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, a yi rajistar karnuka, a yi musu allura kyauta, a wadata manyan asibitoci da allurar mutane. Wanda kuma karensa ya ciji ɗan maƙwabci saboda sakaci, doka ta sa shi ya biya kuɗin magani.