Kuɗin Hayar Zaure da Makomar Wasan Dandamali a Karkarar Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta da damina zai ga abin da masana labarin ƙasa irin su Michael Mortimore suka daɗe suna bayyanawa game da wannan yanki: gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ba a barin ƙasa ta huta ko da shekara guda. A irin wannan wuri fili dukiya ne. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa, samari ke langa, ake kuma shirya kalankuwa bayan an kai amfani rumbu, a garuruwa da dama ya tsuke, wani an shigar da shi gona, wani an yanka shi fuloti. Saboda haka ƙungiyar matasan da ta shirya wasan kwaikwayo a Makoɗa ko Kunci ko Minjibir ba ta da zaɓi illa ta nemi zaure mai rufi, a hedikwatar ƙaramar hukuma ko a birnin Kano. A nan ne take cin karo da kuɗin haya.

Ra'ayina shi ne, bai kamata a auna hayar zauren da aka gina da dukiyar jama'a da mudun da ake auna wa masu biki ba. Mai aurar da 'ya yakan yi tanadi na watanni domin wuni ɗaya, kuma zai biya abin da aka yanke masa don ya fita kunya. Ƙungiyar wasa kuwa manoma ne da ɗalibai da teloli da ke tara kuɗi ta hanyar karo-karo. Ga kuɗin mota, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ga kayan sawa, ga abinci, ga kwanakin gwaji kafin ranar wasa. Idan aka ce sai sun ajiye kuɗin zaure cif kafin a buɗe musu ƙofa, to an sallame su ke nan tun ba su faro ba.

Tarihi ya nuna mana abin da ake asara idan haka ta faru. Masana'antar finafinan Hausa ba daga sama ta faɗo ba. Ƙungiyar Tumbin Giwa, wadda ta fitar da Turmin Danya a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce tun kafin ta ɗauki kyamara, kuma a gaban 'yan kallo masu dariya da tsaki 'yan wasan wancan zamani suka koyi sarrafa murya da jiki. Haka nan rubutattun wasanni irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, an tsara su ne domin a aiwatar, ba domin a haddace su saboda jarrabawa kawai ba.

Masu kula da zaurukan suna da hujja, kuma bai dace a raina ta ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: janareta na shan mai, maigadi da mai shara na jiran albashi, rufi na yoyo, kujeru na karyewa. Zauren da ake bayarwa kyauta ga kowa kan zama kango cikin 'yan shekaru. Amma wannan hujja ce ta karɓar kuɗi, ba hujjar ɗora wa kowa farashi ɗaya ba ce.

Bisa ga haka nake ba da shawarwari huɗu. Na farko, a raba haya gida biyu: kuɗin ɗawainiya, wato mai da shara da tsaro na wannan rana, da kuma riba. Biki da taron siyasa da na kamfani su biya duka biyun, ƙungiyar wasa mai rajista ta biya na farko kawai. Na biyu, inda ake sayar da tikiti, zaure ya karɓi kaso daga kuɗin ƙofa, misali kashi 20 cikin 100, maimakon a biya shi tun da farko. Wannan ba baƙon tsari ba ne ga Bahaushe, domin kuɗin ƙofa ne ke riƙe gidajen dambe. Na uku, a yi la'akari da kalandar manomi. Aljihun karkara da kaka yake nauyi, kuma da rani matasa ke samun sarari; a ware wa ƙungiyoyin ƙauye ranakun tsakiyar mako a wannan lokaci, tunda bukukuwa sun fi cinkoso a ƙarshen mako. Na huɗu, a rubuta farashin a liƙa a ƙofa, domin farashin da ke bakin mutum ɗaya kan sauka ga mai uwa a gindin murhu, ya hau ga baƙo.

Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ƙananan hukumomi 44 na jihar ne suka fi dacewa da jagorancin wannan tsari. Manyan makarantun yankin ma, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, suna iya buɗe ɗakunan taronsu a lokacin hutu, don kada ɗan Tsanyawa ya sai ya je birni kafin ya hau dandamali.

Mu manazarta Hausa ma akwai namu alhaki. Mun cika kundaye da sharhin jigo da salo da zubi da tsari, amma ba kasafai muke tambayar nawa ƙungiya ke kashewa kafin ta yi wasa ɗaya ba. Ya kamata sassanmu su tura ɗalibai su tattaro farashin zaurukan garuruwansu da kuɗin da ƙungiyoyi ke iya haɗawa, domin mu je wa hukuma da alƙaluma a hannu. In ba haka ba, nan gaba za mu ci gaba da koyar da wasan kwaikwayo ga ɗaliban da ba su taɓa zama a gaban dandamali ba.