Ɗan bokon da zai bar ofis ya koma koya wa yara ninkaya

A unguwarmu, kusa da Hasumiyar Gobarau a birnin Katsina, akwai wani ƙanena na maƙwabtaka da ya tayar da ƙura a gidansu. Yana da digiri, yana da aiki a wani ofis, albashi na shigowa duk ƙarshen wata. Rannan bayan sallar isha'i ya same ni a dakalin ƙofar gida ya ce, "Yaya, so nake in ajiye aikin nan in koma koya wa yara ninkaya."

Da farko dariya na yi. Mahaifinsa kuwa bai ga abin dariya ba. Cewa ya yi, "Duk wahalar da na sha a kan karatunka, ashe ɗan su na haifa?" Na kwana biyu ina juya maganar a raina, kuma yanzu ina ganin yaron ya fi mu gaskiya, duk da akwai inda lissafinsa bai cika ba.

Mu Katsinawa ba mutanen ruwa ba ne. Ba mu da kogi irin na Yawuri, ba mu da Sarkawa irin na Argungu da yaro ke tashi ya ga ubansa cikin ruwa. Amma muna da kududdufai. Ƙasar da kakanninmu suka gina ganuwa da soraye da ita, haƙo ta aka yi, kuma har gobe ana haƙa don yin bulo. Da damina ta sauka ramukan nan su cika maƙil. Ga kuma madatsun ruwa: Ajiwa, Zobe, Jibiya, Sabke, Mairuwa. Wato ruwan da zai ci yaro muna da shi, wanda zai koya masa yadda zai fita ne babu.

Kowa a birnin nan ya san labarin. Yara sun tafi wanka da rana tsaka, ɗaya bai dawo ba, an kira 'yan kwana-kwana, an ciro gawa. A yi ta'aziyya, a ce kwana ya ƙare, a ja kunnen sauran da bulala. Ba na jayayya da ƙaddara. Amma bulalar nan shekara nawa muna yin ta? Wanda duk ya yi ƙuruciya a Katsina ya san ba ta hana kowa zuwa kududdufi, sai dai ta koya wa yaro ya bari jikinsa ya bushe kafin ya shigo gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan dubu 300 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli domin yaƙi da nutsewa, ranar da ke faɗowa a tsakiyar daminarmu. Kuma a ƙarshen Nuwamban shekarar ne kwalekwale ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Iya ninkaya ba zai gyara lodin da ya wuce ƙima ba, ba zai maye gurbin rigar kariya ba. Sai dai yaron da ya iya kwanciya a kan ruwa na ɗan lokaci yana bai wa masu ceto damar isowa gare shi.

Abin da ƙanen nawa yake son koyarwa ke nan, ba gasar cin kofi ba. A Bangladesh, ƙasa ce ta Musulmi mai fama da talauci da ambaliya, akwai wani shiri mai suna SwimSafe. A cikin tafkunan ƙauye ake kafa dandamali na gora, a killace wuri mara zurfi, matasan garin da aka horar su riƙa koya wa yara. Abin da ake nema kaɗan ne: yaro ya iya iyo na mita 25, ya iya tsayawa a saman ruwa na daƙiƙa 30, ya kuma san yadda zai ceci wani ba tare da ya faɗa ruwan ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi taɓa ni, domin sau da yawa a nan gawa biyu ake cirowa, ta wanda ya nutse da ta wanda ya bi shi. Miƙa doguwar sanda, jefa igiya ko jarka rufaffiya da babu komai a ciki, darasi ne na rabin awa da ba a taɓa koya mana ba.

To ina lissafin nasa ya gaza? Na ce masa, "Ƙanena, wa zai biya ka?" Nan ya yi shiru. Wuraren ninkaya masu tsafta a garin nan na otal-otal ne da gidajen masu hali. Iyayen da za su iya biyan kuɗin shiga da na malami, 'ya'yansu ba sa zuwa kududdufi. Yaran da ke zuwa, almajiri da ɗan talla da ɗan mai ga-ruwa, ba su da ko sisi. Kuma ba zai kwashe su ya kai su kududdufin ba, don can ne matattarar tsargiya da bola da fasassun kwalabe. Ga hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu babu uwar da za ta yarda a tsoma mata ɗa a ruwa. Sana'ar da ke hutun dole na wata uku sai an yi mata tanadi.

Saboda haka shawarar da na ba shi ita ce kada ya saki reshe ya kama ganye. Ya riƙe aikinsa tukuna, ya fara da Asabar da Lahadi. Ya je ya koyi taimakon gaggawa a wurin masu koyar da shi irin su Red Cross, musamman danna ƙirji da hura numfashi, don iya iyo daban, iya koyarwa daban, iya farfaɗo da wanda ya sha ruwa kuma daban. Kada ya ɗauki yaran da suka fi ƙarfin idonsa. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu kamar a fim, shiru yake tafiya. Ya kuma bar iyaye su zauna su gani, domin amanar jikin yara ce zai ɗauka.

Sauran nauyin ba nasa ba ne. Makarantu masu zaman kansu da ke karɓar kuɗin wasanni duk zango za su iya haɗa kai su yi hayar wuri da malami. Gwamnatin jiha ta gina ɗan madaidaicin wurin koyo mara zurfi, ta ɗauki irin waɗannan matasa aiki kamar yadda take ɗaukar malaman motsa jiki, yaran makarantun gwamnati da na allo su shiga kyauta. Kuma a horar da mata. A Zanzibar, mata ne ke koya wa 'yan mata iyo sanye da tufafin da suka rufe jiki gaba ɗaya. 'Ya'yanmu mata su ke zuwa wanki da ɗibar ruwa a bakin dam, su ma suna hawa kwalekwale.

Mahaifin nasa kuwa, da na je gaishe shi, na tuna masa abin da malamai ke yawan kawowa, cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Na ce, "Baba, Gobarau da muke taƙama da ita tun zamanin Muhammadu Korau, ai da koyarwa ta yi suna. Hawan doki mun riƙe shi, duk Sallah muna gani a Ƙofar Soro. Ina iyon?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya tambaye ni ko ɗan nasa zai yarda ya fara da jikokinsa biyu, waɗanda ya kama da jiƙaƙƙen wando a daminar bara.