Ƙaramin jirgi zuwa Galapagos: abin da kuɗinka ke saya da abin da yake ɓatawa

Tsibiran Galapagos suna cikin tekun Pasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado. A shekarar 1835 Charles Darwin ya yi makonni biyar a cikinsu, kuma abin da ya ɗaure masa kai a lokacin shi ne yake ɗaure wa baƙi kai har yau: dabbobin wurin ba sa gudun mutum. Zakin teku yakan miƙe a kan hanya ya yi barcinsa, tsuntsuwa kuma takan ci gaba da kwanci a kan ƙwai kana tsaye a gabanta. Wannan rashin tsoro shi ne hajar da kamfanonin yawon buɗe ido suke tallatawa, shi ne kuma abin da yawan baƙi ya fi saurin lalatawa. A 2023 masu ziyara sun kai kimanin 330,000, alhali mazauna tsibiran ba su cika 30,000 ba.

Ra'ayina shi ne, duk wanda Allah ya hore wa halin wannan tafiya ya zaɓi ƙaramin jirgin ruwa wanda ake kwana a cikinsa, ya yi tafiyar sau ɗaya, ya kuma daɗe. Sai dai ƙanƙantar jirgi ita kaɗai ba ta wanke kowa, kuma akwai hujjoji masu nauyi da ke suka ga wannan zaɓi, waɗanda ya kamata mai karatu ya ji kafin ya biya ko kwabo.

Hujjar farko lissafi ce. Tun 1959 kashi 97 cikin ɗari na ƙasar tsibiran gandun daji ne na gwamnati, kuma hukumar gandun ita ke tsara inda kowane jirgi zai tsaya da lokacin da zai tsaya. Babu jirgin yawon da aka yarda ya ɗauki fasinjoji fiye da 100. Ba a sauka a wuraren ziyara sai tare da jagora mai lasisi, kuma jagora ɗaya ba ya jan mutum fiye da 16. Ke nan jirgi mai fasinjoji 100 sai ya kasa su rukuni bakwai, a riƙa kwasarsu zuwa gaɓa a kwale-kwalen roba bi da bi, su cika 'yar siririyar hanya guda. Jirgi mai mutum 16 rukuni ɗaya ne, yana sauka da sassafe lokacin da dabbobi suke cikin walwala, babu jiran layi. A yankin Antatika ma haka lissafin yake: jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 500 ba ya sauke kowa, kuma ba a barin fiye da 100 a kan gaɓa a lokaci guda. Mai shiga babban jirgi a irin waɗannan wurare yana biyan kuɗin ɗaki mai faɗi da teburin abinci, amma yana asarar sa'o'in da ya je dominsu.

Hujja ta biyu ta shafi bambancin kwana a jirgi da kwana a otel. Yawancin masu ziyara a yanzu suna sauka ne a otel a garuruwan Santa Cruz da San Cristóbal da Isabela, su riƙa fita da safe su dawo da yamma. Ya fi araha, amma tsibiran suna nesa da juna. Fernandina, inda ake ganin tsuntsun ruwan nan da fukafukansa suka ƙanƙance har ya daina tashi, da Genovesa, matattarar tsuntsayen teku, ba a kai musu a tafiyar wuni ɗaya. Jirgin kwana yana cin zango da dare, gari ya waye a sabon tsibiri.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne iyaka. Adadin jiragen kwana a ƙayyade yake, kuma tun 2012 aka ɗora su a kan zagayen kwana 15, ta yadda ba a komawa wurin ziyara ɗaya kafin zagayen ya cika. Ɗakunan kwana a garuruwa kuwa sun yi ta ƙaruwa. Kowane sabon gado yana nufin ƙarin ruwan sha da man dizal da abinci, kuma man da yawancin abincin daga babban yankin Ekwado ake kawo su a jiragen kaya. A cikin wannan kaya ne ƙwari da iri da ɓeraye suke shigowa.

Wanda ya raina wannan haɗari ya dubi tarihin tsibirin Pinta. Wajen 1959 masunta suka saki awaki uku a can domin su riƙa samun nama. Kafin shekara ashirin sun zama dubban gommai, sun cinye ciyayin da manyan kunkuraye suke rayuwa a kai. Duk wanda ya taɓa dasa bishiya a unguwar da ake sakin awaki ya san abin da akuya take iyawa. Kunkuru na ƙarshe daga jinsin Pinta, wanda aka laƙaba wa suna George mai kaɗaici, ya mutu a watan Yunin 2012 bai bar magaji ba. An ɗauki shekaru tara, daga 1997 zuwa 2006, ana farautar awaki har da jirage masu saukar ungulu kafin a kawar da kimanin 140,000 daga Pinta da Santiago da arewacin Isabela. Yanzu kuma wani baƙon ƙuda ne ya addabi wurin, tsutsarsa tana shan jinin 'yan tsakin ƙananan tsuntsayen da sunan Darwin ya shahara da su. Saboda haka ake binciken jakar matafiyi tun daga filin jirgin Quito ko Guayaquil, ake kuma wanke takalma tsakanin tsibiri da tsibiri. Ƙaramin rukuni ya fi sauƙin sa ido a wannan aiki.

Suka ta farko ita ce ta kuɗi, kuma tana da ƙarfi. Baƙon otel yana cin abinci a gari, yana hawa tasi, yana sayen tsaraba, kuɗinsa yana shiga aljihun mazauna. Baƙon jirgi kuwa sau da yawa ya biya wani kamfani a Amurka ko Turai tun kafin ya bar gida. Idan mazauna ba su ga amfanin kunkuru mai rai ba, babu dokar da za ta kare shi. Maganin wannan yana hannun matafiyi: ya tambayi wa ya mallaki jirgin, ina ma'aikatansa suka fito, daga ina ake sayen kifi da kayan lambu. Akwai ƙananan jirage da iyalan tsibiran suka mallaka. Ya kuma ƙara kwana biyu ko uku a garin Puerto Ayora bayan an sauka.

Suka ta biyu ta mai ce. Idan aka raba man da jirgi ya ƙona a kan kowane fasinja, ƙaramin jirgi ba lallai ya fi babba tsafta ba. Kuma man da kansa sai an kawo shi ta teku. A watan Janairun 2001 jirgin dakon mai Jessica ya daki dutse kusa da San Cristóbal, kuma wani ɓangare na man da ya ɗauko na jirgin masu yawon buɗe ido ne. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kashi 62 cikin ɗari na iguwanar teku, ƙadangarun da ke kiwo a ƙarƙashin ruwa, sun mutu a tsibirin Santa Fe cikin shekara guda. Ƙari a kan haka, mai tasowa daga Kano ko Abuja ba shi da jirgin sama kai tsaye, sai ya ratsa wata nahiya kafin ya isa Quito, sannan ya sake hawa wani. Ban ga yadda za a share wannan nauyi ba. Iyakar abin da za a yi shi ne a rage shi, shi ya sa na ce tafiya ɗaya mai tsawo ta fi gajeru uku.

Suka ta uku ta jiki ce. Ƙaramin jirgi yana tangaɗi, musamman daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin da ruwan sanyi yake kwararowa daga kudu kuma teku take tashi. Daga Janairu zuwa Mayu ruwan ya fi ɗumi da kwanciya. Jirgi mai gindi biyu ya fi mai gindi ɗaya tsayuwa. Manyan jirage sukan tafi da likita, ƙanana galibi ba su da shi. Dattijo ko mai ciwon zuciya ko mai ɗauke da yara ƙanana, jirgi matsakaici mai mutum 40 ko 50 ya fi dacewa da shi, kuma babu abin kunya a ciki.

Wanda ya auna duk wannan ya ga zai tafi, jadawalin tafiya zai fara dubawa kafin hoton ɗaki. Kamfanoni suna yanka zagayen kwana 15 zuwa gutsattsari na kwana huɗu ko biyar ko takwas. A tafiyar kwana huɗu, ranar farko da ta ƙarshe filin jirgi ne yake cinye su, araha kuwa ba ta ado. Kwana takwas shi ne mafi ƙarancin da ya cancanci wahalar hanya. Zagayen yamma yana kai mutum Isabela da Fernandina, inda ruwan sanyi yake tara fengwin. Zagayen kudu maso gabas yana bi ta Española, inda tsuntsun albatros yake sheƙa daga Afrilu zuwa Disamba, ya kuma koma teku sauran watannin. Ya tambayi wane harshe jagoran yake amfani da shi, domin a ƙaramin jirgi mutum ɗaya ne zai zama malaminsa mako guda. Musulmi ya sanar da buƙatarsa ta abinci tun wuri. A lissafin kuɗi ya sa dala 200 ta shiga gandun, wadda aka ninka daga 100 a watan Agustan 2024, da dala 20 ta katin shiga tsibiran. Mai fasfon Nijeriya kuma sai ya nemi bizar Ekwado kafin ya tashi.

Akwai tambaya ɗaya da take bayyana halin kamfani fiye da sauran: me zai faru idan hukuma ta rufe wurin da aka yi alkawarin zuwa? A watan Satumban 2023 an gano murar tsuntsaye a tsibiran, hukumar gandun ta rufe wasu wuraren ziyara, ciki har da Genovesa, jirage suka sauya hanya. Kamfanin da ya gaya maka tun farko cewa haka na iya faruwa, kuma ba zai maido maka da ranar ba, ya fi cancantar kuɗinka a kan wanda ya rantse maka za ka ga komai. Dokar gandun ta ce a bar tazarar mita biyu tsakanin mutum da dabba. Idan ka ga tallar da ke nuna fasinja yana shafa bayan kunkuru, to ka nemi wani jirgin.