Gwajin jini na cutar Alzheimer: Yaushe zai iso Daura?

A garin Daura da ƙauyukan masarautar, idan dattijo ya fara manta sunan jikokinsa ko ya ɓace tsakanin gida da masallaci, akan ce gigin tsufa ne. Tsohuwa kuwa wani lokaci har maita ake jingina mata. Amma a wurin likitoci, sau da yawa wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce a shekara ta 2021 mutane miliyan 57 ne ke fama da ciwon mantuwa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce. Wani binciken da aka yi a Zariya, wanda aka wallafa a 2011, ya gano ciwon a jikin kusan kashi 3 cikin ɗari na tsofaffin da aka duba.

Cutar kan soma ne a ɓoye. Wasu sinadarai guda biyu, amiloid da tau, sukan yi ta taruwa a ƙwaƙwalwa shekaru 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana. A da, ganin su sai an ɗauki hoton PET ko an zuƙo ruwan laka daga gadon baya. Hoton MRI kuma yana nuna yadda sashen da ke riƙe tunani ke motsewa.

A watan Mayun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko, Lumipulse, ga 'yan shekara 55 zuwa sama da suka fara nuna alamu. Muhimmancinsa shi ne, sabbin magunguna irin su lecanemab, wanda aka amince da shi a 2023, a farkon cutar kaɗai suke aiki. Ko a nan ma rage mata gudu suke yi, ba warkarwa ba, ga tsada, ga buƙatar MRI a kai a kai saboda haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa.

Ga Daura, jini ya fi sauƙin tafiya. Za a iya ɗibarsa a asibitin gari a aika Katsina ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, maimakon a yi ta wahalar da tsoho a mota.

To sai dai akwai abin lura. Akasarin waɗanda aka auna gwajin a kansu Turawa ne. Binciken Ibadan da Indianapolis, wanda aka fara a 1992, ya nuna cewa ƙwayar halittar APOE4, mai ƙara haɗarin cutar, ba ta da ƙarfi a tsakanin Yarabawa kamar yadda take a baƙar fatar Amurka. Haka kuma ciwon ƙoda na iya ɗaga sinadarin tau a jini. Don haka sai an tantance ma'aunin a jikin mutanen ƙasar Hausa tukuna.

Kafin nan, ba zama za a yi ba. Ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo na kawo mantuwar da ake magancewa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa za a iya hanawa ko jinkirtawa ta kula da abubuwa 14, ciki har da hawan jini, ciwon suga da raunin ji. Awon waɗannan kuwa ba sai an bar Daura ba.