Shin na'urar sikanin ta hannu za ta iya ceto masu shanyewar ɓarin jiki a Rogo da Ƙaraye?

Idan mutum ya yanki jiki ya faɗi a Rogo Ruma, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na gefe ɗaya suka daina motsi, lokaci ne babban abin da iyalinsa ke tsere da shi. Allurar narkar da gudan jini tana da amfani ne idan aka yi ta cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon, kuma likita ba zai yi ta ba sai ya ga hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT.

Ita kuwa wannan na'ura a manyan asibitocin birni ake samun ta, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya. Daga Rogo zuwa birnin Kano tafiya ce ta sama da kilomita 100, ga neman mota, ga neman kuɗi, ga waɗanda za su fara kai mara lafiyar wurin mai magani bisa zaton iska ce ta buge shi.

Wannan ne ya sa hankali ke karkata ga ƙaramar na'urar sikanin da ake riƙewa a hannu, irin su Butterfly iQ da Philips Lumify, waɗanda ake jona su da waya ko kwamfutar hannu a duba mara lafiya yana kwance a gadonsa. Tana aiki ne da amon sauti, kamar wadda ake duba masu juna biyu da ita.

Abin da ba za ta iya ba

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai wadda gudan jini ke toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, akwai kuma wadda jijiyar ke fashewa jini ya kwarara a ciki. Alamominsu kusan ɗaya ne, amma maganinsu ya sha bamban. Asfirin ko allurar narkar da jini da za su taimaki na farko, su ne za su iya ƙara wa na biyu zubar jini har ya rasa ransa.

A yankin nan wannan ba ƙaramin hatsari ba ne. Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Ghana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga, aka kuma wallafa a 2018, ya duba marasa lafiya 2,118. Kashi 68 cikin 100 toshewa ce ta same su, kashi 32 kuma fashewar jijiya. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku.

Na'urar sikanin ba ta iya raba waɗannan biyu rabuwar da likita zai dogara da ita ya ba da magani. Ƙashin kai yana tare sautin, sai ta wata 'yar kafa mai laushi da ke gefen kai sama da kunne ake iya leƙawa, kuma a wasu mutanen, musamman tsofaffin mata, ko ta nan ɗin ba a ganin komai. Saboda haka duk wanda ya ce na'urar hannu ta maye gurbin CT, ya yi wa mara lafiya alkawarin da ba zai cika ba.

Inda take da amfani a gefen gado

Amfaninta yana wajen gano tushen ciwon da kuma wanda ya fi bukatar a garzaya da shi birni. Ma'aikacin da ya samu horo zai iya duba manyan jijiyoyin wuya ya ga ko sun ƙuntata. Zai iya duba jijiyar da ke bayan ido don samun alamar ko matsi ya yi yawa a cikin kai. Zai kuma iya duba zuciya ya ga ko ta kumbura, ta raunana, ko akwai gudan jini a cikinta.

Batun zuciya ya fi shafar matan arewa. Ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa ya yi yawa a arewa maso yammacin Najeriya, kamar yadda binciken PEACE da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya nuna. Zuciyar da ta raunana tana tara gudan jini, gudan kuma kan ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Maijego mai haki da kumburin ƙafa da aka duba zuciyarta da wuri a asibitin ƙaramar hukuma, tana iya samun magani tun kafin ɓarin jikinta ya mutu.

Darasin da Kano ta koya wa duniya

Babbar nasarar sikanin a wannan fage ta zo ne ta hanyar rigakafi, kuma Kano na cikin wuraren da aka tabbatar da ita. Yara masu sikila suna cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana: idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma kan kamu kafin ya kai shekara 20.

Akwai wani nau'in sikanin mai suna TCD da ke auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta gefen kai. Ƙashin yara bai yi kauri ba, don haka gwajin ya fi yi musu aiki. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ko fiye, yaron na cikin hatsari. Wani bincike a Amurka a 1998 ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage hatsarin da kusan kashi 90 cikin 100.

Sai dai ƙarin jini duk wata abu ne da ya fi ƙarfin yawancin iyalai da asibitocin Najeriya. Shi ya sa likitocin Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar maganin hydroxyurea a binciken SPRING. An yi shi a asibitin Malam Aminu Kano, da na Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, kan yara 220 'yan shekara biyar zuwa 12. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin kaso na maganin yana ba da kariya daidai da matsakaicin kaso, abin da ke nufin sauƙin kuɗi ga iyaye.

Gwajin ba ya bukatar allura ko fiɗa, na'urar kuma ana iya ɗaukarta a mota. Ke nan babu abin da zai hana ayarin ma'aikata daga Kano ya riƙa zuwa Rogo da Ƙaraye a ranakun da aka ware, a tara yaran a duba su sau ɗaya a shekara, in har an tanadi maganin da za a ba waɗanda aka gano.

Me ya kamata a fara da shi?

Na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Hoton da take bayarwa ya dogara ne da hannun mai riƙe da ita, kuma wanda bai ƙware ba zai iya cewa lafiya lau alhali akwai matsala. Ana bukatar horo, da likita a birni da za a tura wa hoton ta waya ya duba, da cajin sola, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a ciki.

Kafin duk wannan akwai na'urar da ta fi sikanin arha nesa ba kusa ba. Binciken SIREN ya gano cewa hawan jini ne kan gaba, da tazara mai yawa, cikin abubuwan da ke jawo ciwon a Afirka ta Yamma. Awon jini a kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa da maganin da ba ya yankewa za su hana mutane da yawa faɗuwa tun farko.

Ga iyalai kuwa, idan aka ga baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a lura da lokacin da abin ya fara, kada a ɗura wa mara lafiya ruwa, abinci ko asfirin, a nufi asibiti nan take.