Daga Ƙofar Shiga Ɓarnar Ta Faro

Mun saba tsine wa ɗan sandan da ya miƙo hannu a shingen hanya, amma da wuya mu tambayi ta wace ƙofa ya shigo aikin. Ni kuwa a ganina can cutar take.

A shekarar 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe ɗaukar kurata 10,000. Maimakon a duƙufa wajen tantance wanda ya cancanta, sai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da ofishin Sufeto Janar suka shiga takun saƙa a kan wanda ke da ikon ɗauka. Shari'a ta yi ta ja har Kotun Ƙoli, wadda a 2023 ta tabbatar wa hukumar wannan iko. Shekara huɗu ke nan manya suna jayayya a kan wanda zai riƙe wuƙar rabo, alhali 'yan bindiga suna tashin ƙauyukan Zamfara da Katsina. Da guraben nan ba su zama ganima ba, me zai sa a yi wannan dogon rikici a kansu? Ɗan talaka ya sani, ko ba a faɗa masa ba, cewa takardar babban mutum ta fi sakamakon jarrabawarsa nauyi. Wanda kuma ubansa ya sayar da gona ya saya masa kaki, ai tun ranar farko da bashi ya fito titi, kuma direban mota ne zai biya.

Sai batun horo. A watan Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna wa duniya Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja: ɗakunan kwana sun lalace, rufi ya zube, makewayi ba ya shiguwa. Abin ya kai Shugaba Goodluck Jonathan ya je da kansa ba tare da sanarwa ba. A irin wannan wuri ake so matashi ya koyi mutunta ɗan Adam, cikin watanni kusan shida. Wanda aka wulaƙanta a ɗakin kwanansa, wa zai hana shi wulaƙanta mai kayan miya a kasuwa?

Masu cewa a ƙara yawan 'yan sanda ba su yi ƙarya ba, ƙasar na bukatarsu. Sai dai ƙara ruwa a tulun da ya tsage ba ya kashe ƙishirwa. Kafin a sake buɗe wata ɗaukar, a liƙa sunan kowane mai nema da makinsa a sakatariyar ƙaramar hukumarsa, inda maƙwabtansa za su karanta, su kuma faɗi abin da suka sani game da halinsa.