'Yar Raino Ta Littafi Da 'Yar Raino Ta Gayam

Akwai waɗansu littattafan yara na Turanci da suka yi suna ƙwarai a Amurka, waɗanda wani lokaci akan tsinci kaɗan daga cikinsu a wurin masu sayar da littattafan gwanjo a biranenmu. Sunansu The Baby-Sitters Club, wato ƙungiyar 'yan raino. Wata mata mai suna Ann M. Martin ce ta fara rubuta su a 1986, kamfanin Scholastic ya buga, kuma kafin a tsaya a shekara ta 2000 an fitar da fiye da 130. Labarin waɗansu 'yammata ne 'yan shekara 11 zuwa 13, da suka kafa ƙungiya a wani garin da marubuciyar ta ƙago. Sau uku a mako sukan taru a ɗakin ɗayarsu su zauna kusa da tarho, iyaye su bugo suna neman wadda za ta zauna musu da yara na 'yan sa'o'i, su biya ta ladanta.

Waɗanda suka karanta littattafan nan suna yara, yanzu sun girma, har yau kuma suna jayayya a kan abu guda: shin labarin ya yi kama da gaskiya? Waɗansu suka ce ina, wace uwa ce mai hankali za ta bar wa 'yar shekara 11 jariri ta fita? Suka ce yaran littafin suna magana da tunani irin na manya, duk matsalar da ta taso a farkon littafi sai an warware ta kafin shafin ƙarshe, kuma shekaru suna ta wucewa amma 'yammatan suna aji guda ba su girma. Waɗansu kuwa suka ce marubuciyar ta yi ƙoƙari, domin ba ta ɓoye ɗacin rayuwa ba: ɗaya daga cikin 'yammatan tana da ciwon sukari, ɗaya iyayenta sun rabu, ɗaya marainiya ce ta uwa, ɗaya kuma kakarta ta rasu a cikin labarin.

Idan aka kawo wannan jayayya Gayam, a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, dariya za ta ba iyaye mata. Abin da Ba'amurke yake cewa ba zai yiwu ba, a nan shi ne abin yau da kullum, har ma ya wuce haka. Da damina, uwa ta sammako gona, wa ke riƙe da jariri? Yayarsa ce, wadda sau da yawa ba ta fi shekara 7 ko 8 ba. A ɗaure mata shi da zani da majanyi, ƙafafunsa suna lilo kusa da gwiwarta. Ita ce za ta ba shi koko, ta wanke shi, ta kore shi daga bakin murhu da bakin rijiya, ta rarrashe shi har uwa ta dawo. Ba tarho, ba lada, ba taron ƙungiya. In yaro ya faɗi, ita ce za ta sha duka.

To, abin tambaya a nan shi ne, ina littafin wannan yarinya? Ni a ganina, kafin mu tsaya muna auna littafin Amurka ko ya faɗi gaskiya, ya kamata mu ji kunyar cewa 'yar rainon da ke cikin gidajenmu da majami'unmu ba mu rubuta mata nata ba. Kuma ranar da za mu rubuta, wajibi ne mu faɗa mata gaskiya.

Na san akwai iyaye da malaman makarantar Lahadi masu cewa yaran ƙasar Birnin Gwari sun ga tashin hankali ya ishe su, a bar littafi ya zama wurin hutawarsu. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Ƙasar nan da ke jikin dajin Kamuku da na Kuyambana ta sha wuya shekara da shekaru. A watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a Gwaska. A watan Maris na 2021 suka shiga makarantar firamare ta Rama suka tafi da malamai uku. A watan Yuli na 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Baftis ta Bethel a ƙaramar hukumar Chikun. A watan Maris na 2024 kuma aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, aka dawo da 137 bayan fiye da mako biyu. Ko da yake a watan Nuwamba na 2024 gwamnatin jihar Kaduna ta yi sulhu da 'yan daji har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, yarinyar da ta taɓa kwana a jeji da ƙanenta a baya tana toshe masa baki kada ya yi kuka, ba ta manta ba.

Amma wannan ne ma dalilin da ya sa nake cewa kada a yi mata ƙarya. Yarinyar da ta ga irin wannan, in ka miƙa mata labarin da kome yake tafiya sumul, abu biyu ne zai faru. Ko dai ta gane cewa littafi wasa ne, ba ruwansa da rayuwarta, ta ajiye shi. Ko kuma ta ɗauka cewa sauran yaran duniya duk gwanaye ne, ita kaɗai ce takan ji tsoro, ita kaɗai ce goyo ya taɓa suɓuce mata. Na biyun ya fi muni, domin zai bar ta da laifin da ba nata ba.

Mu duba yadda Littafi Mai Tsarki ya bi da wannan al'amari, gama shi ne ma'auninmu. A Fitowa sura 2 mun ga wata 'yar raino, yayar Musa, wadda muka sani da suna Maryamu. Ba a lokacin zaman lafiya ta yi rainonta ba, a lokacin da Fir'auna ya ba da umarni a jefa jarirai maza na Ibraniyawa cikin kogi ne. Uwar ta ɓoye yaron wata uku, da abin ya gagara ta sa shi cikin kwando a bakin kogin Nilu, yarinyar ta tsaya daga nesa tana kallo. Ku lura da abin da ta yi sa'ad da 'yar Fir'auna ta tsinci yaron. Ba ta yi ƙoƙarin zama uwa ba. Ta yi magana da hikima, ta ruga ta kira uwar yaron, har aka riƙa biyan uwar lada don ta shayar da ɗanta. Gwanintar Maryamu ita ce ta san lokacin da za ta kira babba.

A 2 Sama'ila 4:4 kuma mun ga ɗaya gefen. Labari ya zo daga Yezreyel cewa Saul da Jonatan sun mutu a yaƙi, mai renon Mefiboshet ta ɗauke shi, yana ɗan shekara 5, ta gudu. Garin sauri yaron ya faɗi ya gurgunce, bai kuwa warke ba har ya girma. Maganar Allah ba ta ɓoye wannan ba, ba ta kuma la'anci matar ba. Daga baya, a sura 9, Dawuda ya nemo gurgun nan ya zaunar da shi a teburinsa. Mace nawa ce a ƙauyukan Birnin Gwari za ta ji wannan labari ta ce nata ne? Haka kuma a 2 Sarakuna sura 5, 'yar yarinyar da ta nuna wa Na'aman hanyar warkewa, maharan Suriya ne suka sato ta daga ƙasar Isra'ila. Idan Ruhu Mai Tsarki bai ga laifin rubuta waɗannan ba, mu wane ne da za mu ce yaranmu ba za su iya ji ba?

Ko a rubutun Hausa ma ba baƙon abu ba ne. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito tun 1934, labarin yaro ne da aka sace, uwarsa ta bi sawunsa har ƙetaren Sahara. An karanta shi a makarantun Arewa shekaru da yawa, bai lalata kowa ba.

Sai dai faɗin gaskiya daban, tsoratarwa daban. Ba cewa nake yi a cika littafin yara da jini da gawa ba. Cewa nake yi a nuna wa yarinya duniyar da ta sani, a ba ta abin yi a cikinta. Akwai misali mai kyau da ya samo tushe daga ƙasar nan tamu. Wani likita Bature, David Morley, ya yi aiki a asibitin mishan na Metodis a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile wajen ƙarshen shekarun 1950, inda ya kafa asibitin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Daga baya shi da wani masanin ilimi, Hugh Hawes, suka ƙirƙiro shirin Child-to-Child, wato daga yaro zuwa yaro, dab da Shekarar Yara ta Duniya ta 1979. Hujjarsu ita ce, a ƙasashe irin namu yayye ne ke renon ƙanne, saboda haka a koya wa yayyen. Aka rubuta ƙananan littattafan labari masu koya wa yara illar ruwa mai dauɗa, da maganin gudawa, da kiyaye haɗari a gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Saboda haka littafin 'yar rainon Gayam ya kamata ya ƙunshi abubuwa kamar haka. Ya nuna mata cewa in gudawa ta kama jariri, a ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kuma nemi asibiti. Ya nuna mata cewa zazzaɓi mai zafi, ko jijjiga, ko ƙin shan nono, ko saurin numfashi, ba abin jira ba ne, ta ruga ta kira babba. Ya nuna mata yadda ake wa ƙuna, a zuba ruwan sanyi mai yawa, kada a shafa manja ko man goge baki. Ya sa iyali su shirya tun da wuri inda za a haɗu in aka watse da dare, a kuma koya wa kowane ƙaramin yaro sunan ubansa da na ƙauyensa. Yarinyar cikin labarin ta gaji, ta yi kuskure, ta yi kuka, ta so zuwa wasa, kuma a gafarta mata.

Akwai wata gaskiyar kuma da ta fi shafar mu manya. Littafin da zai yabi 'yar raino amma ya yi shiru a kan makarantarta, shi ma maƙaryaci ne. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, jihar Kaduna kuma ta yi dokar kare yara a 2018. Duk da haka, in aka rasa mai riƙe jariri, 'ya mace ake fara cirewa daga aji. Waɗansu kuma, musamman 'ya'yan waɗanda rikici ya raba da gonakinsu, akan kai su birni aikin raino da alkawarin za a sa su makaranta, sai shekara ta zagayo ba su ga allo ba. Abin baƙin ciki, cikin masu yin haka har da masu zama a kujerun gaba ranar Lahadi. 'Yar'uwa, yarinyar da ke goye da ɗanki a bayan majami'a yayin da kike waƙa a gaba, ita ma 'yar wata ce, Yesu ya mutu dominta, za a kuwa tambaye ki.

Kira nake yi ga Zumuntar Mata, da malaman makarantar Lahadi, da shugabannin 'yan Birged na 'yammata, ko a ECWA ne, ko HEKAN, ko Baftis, ko Katolika, ko Angilikan. Ba sai mun jira wani kamfani daga ƙetare ba. Malami ɗaya mai iya rubutu, da ma'aikaciyar jinya ɗaya da za ta duba maganar lafiya, da 'yammata biyar da za a zauna a saurari abin da ke faruwa da su, sun isa a fitar da ɗan littafi mai shafi 16 da Hausa mai sauƙi. A karanta wa yaran kafin a buga. In suka ce ba haka ake yi ba, a gyara, gama su ne suka san nauyin goyo. A yi shi yadda maƙwabtanmu Musulmi ma za su karɓa su karanta wa 'ya'yansu, domin gudawa da zazzaɓi ba su tambayar addinin jariri. Haka kuma da damina ikilisiya za ta iya shirya iyaye mata tsofaffi su riƙa karɓar jarirai bi da bi, don 'yammata su sami zuwa makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji ya ba ƙasar Birnin Gwari salama mai ɗorewa, ya tsare 'ya'yanmu da masu renonsu, ya ba mu zuciyar faɗa musu gaskiya cikin ƙauna. Amin.